Ɓawon farin cakulan da busassun 'ya'yan itatuwa da furanni: yadda nake yinsa a gida

Daga cikin kayan zaƙin da ake yi da cakulan, babu wanda ya kai ɓawon cakulan sauƙin bayani. Ana narkar da cakulan, a shimfiɗa shi a kan takarda, a barbaɗa masa abin da ake so a sama, a bar shi ya daskare, sannan a kakkarya shi yadda ya samu. Ba ya buƙatar tanda ko wani mazubi na musamman, kuma ba dole ba ne gutsattsarin su yi daidai da juna. Idan da farin cakulan aka yi shi, aka ƙawata shi da busassun 'ya'yan itatuwa da furannin da ake ci, yakan fito da kyan da zai sa baƙo ya ɗauka daga wani babban kanti aka sayo shi. Wannan kyan ne yake janye hankalin mai koyo zuwa ga adon, alhali kuwa adon bai wuce aikin 'yan mintuna ba. Abin da yake cin lokaci, wanda kuma a kansa ake sanin ko alawar za ta yi sheƙi ta karye ƙas a hannu ko za ta fito a dushe tana lanƙwashewa, shi ne yadda aka kula da zafi da yadda aka nisantar da danshi daga duk abin da zai taɓa cakulan ɗin.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake sayowa. Kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne, kuma tun shekarar 1828, lokacin da iyalan Van Houten na ƙasar Holan suka yi rajistar injin matse koko, aka samu hanyar raba wannan mai da garin nan mai duhu da ɗaci. A farin cakulan, man kokon kaɗai ake ɗauka, a haɗa shi da garin madara da sukari, galibi da ɗan ƙamshin banila, a bar garin kokon gefe. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ya fito da nasa kasuwa a shekarar 1936, kuma daga nan ne ya yaɗu. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta gindaya sharaɗin cewa kafin a kira abu farin cakulan sai man koko ya kai aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, busasshiyar madara kuma kashi 14. Amurka ta fara aiki da irin wannan ma'auni a 2004, ta ƙara da cewa sukari kada ya haura kashi 55. Wannan adadi na ƙarshe ya cancanci a riƙe shi a zuciya, domin ma'anarsa ita ce fiye da rabin abin da ke cikin fakitin yana iya zama sukari tsantsa, kuma babu ɗacin koko da zai dakushe masa kaifi.

Da yawa daga cikin abin da masu sayar da kayan kek suke miƙo wa mutum idan ya ce farin cakulan, babu man koko a cikinsa ko ɗigo. An maye gurbinsa da alayyadi, wato man ƙwarar manja, wanda aka sarrafa shi ya yi tauri. Hanyar ganewa ita ce a juya fakitin a karanta jerin kayan haɗin: idan man koko yana cikin abubuwa biyu ko uku na farko, an samu na gaske, idan kuwa man ganye kawai aka rubuta, to na kwaikwayo ne. Launi ma yana faɗin gaskiya, domin na gaske yana da ɗan ruwan hauren giwa, na kwaikwayo kuma yakan zo fari fat. Tsadar koko ta ƙara yawaita irin na kwaikwayon, musamman bayan 2024, shekarar da farashin tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda ƙarancin amfanin gona a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashe biyu da suke noma fiye da rabin kokon duniya. A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye: dokar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayuka shida a cikin cakulan na gaske, kuma man kaɗanya yana cikinsu, saboda yanayin narkewarsa ya yi kusa da na man koko.

Ba na raina na kwaikwayon baki ɗaya. Ba ya buƙatar daidaita zafi, yana jure ɗumin ɗaki fiye da na gaske, kuma ga wadda za ta yi wa yara alawar walima a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato yake kaiwa digiri 40, wataƙila shi ne zaɓin mai hankali. Sai dai yana barin wani maiƙo a saman baki wanda ba ya saurin tafiya, kuma ƙamshinsa bai wuce na madara da sukari ba. Wanda yake son ya san dalilin da ya sa ake ɗokin wannan alawa, sai ya nemi na gaske ko da sau ɗaya ne. Irin wanda masu sana'a suke amfani da shi, kamar W2 na kamfanin Callebaut na Beljiyam mai man koko kashi 28 cikin 100, ko Ivoire na Valrhona na Faransa mai kashi 35, ya fi saurin narkewa ya kwanta sumul. 'Yan ƙananan ƙwayoyin nan da ake sakawa a cikin biskit kuwa an yi su ne don kada su narke su baje a tanda, saboda haka sukan yi kauri idan an narkar da su, ba sa shimfiɗuwa yadda ake so.

Dalilin da ya sa cakulan na gaske yake da wuyar sha'ani yana cikin man kokon kansa. Idan ya narke ya sake daskarewa, ƙwayoyinsa suna iya jeruwa ta hanyoyi shida mabambanta, kuma kowace hanya tana da zafin da take narkewa a kansa. Guda ɗaya ce kawai ake nema, ta biyar, wadda take narkewa a wajen digiri 34 na ma'aunin Salshiyas, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam. Ita ce take ba cakulan sheƙi da tauri, ta sa ya tsaya a hannu amma ya narke da zarar ya hau harshe. Sauran na ƙasa da ita suna narkewa tun a yatsa, suna barin cakulan da laushi da dishi-dishi. Duk wadda ta taɓa narkar da man kaɗanya ta bar shi ya huce a hankali, ta dawo ta same shi da tsakuwa-tsakuwa a maimakon santsin da ta sani, ta riga ta ga irin wannan al'amari da idonta. Aikin mai yin cakulan shi ne ya tilasta wa man ya bi hanya ta biyar, kuma ba shi da wani makami na yin hakan sai hawa da saukar zafi.

Wannan ne ya sa a wajena lokacin yin wannan alawa shi ne hunturu. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15 a yawancin garuruwan arewa, cikin ɗaki ya tsaya kusa da digiri 20, iska kuma ta bushe ƙayau, kuma waɗannan su ne ainihin sharuɗɗan da masu sana'ar cakulan suke kashe kuɗi su samar da na'ura. Ƙura ce kaɗai abokiyar gaba, don haka a rufe tagogi tun da dare, a goge tebur da sassafe, a bar shi ya bushe. Da damina aikin yana yiwuwa, amma danshin iska yana kwanciya a kan cakulan kuma yana jiƙa busassun furanni. Da bazara kuwa, sai dai a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki take aiki, idan an yi sa'ar wuta.

Kafin a ɗora komai a wuta, sai an gama shirya kayan saman tsaf, domin da zarar an shimfiɗa cakulan ba ya jiran kowa. Al'adar ɗora busassun 'ya'yan itatuwa a kan cakulan tsohuwa ce a Faransa, inda ake yin 'yan ƙananan faya-fayai ana jera musu zabibi da busasshen ɓaure da almon da hezalnot, kayan marmari huɗu da aka daɗe ana ci a yankin Furobans lokacin Kirsimeti. Amma galibi a kan baƙin cakulan ake yin wannan, inda zaƙin zabibi da ɓaure yake samun ɗacin da zai tare shi. A kan farin cakulan lissafin ya juya: tushen ya riga ya cika da zaƙi, saboda haka duk abin da za a ɗora masa ya kamata ya kawo tsami, ko gishiri, ko ƙamshin suya. Idan aka ƙara zaƙi a kan zaƙi, gutsure ɗaya ya isa ya ginshi mutum.

Saboda haka nake jan kunnen masu son sa dabino. Shi ne abu na farko da hannu yake kaiwa gare shi a gidajenmu, kuma babu mai musun darajarsa, amma a nan bai dace ba, musamman mai laushi irin Majhul na Maroko, wanda yake da zuma-zuma da danshi. Idan an nace sai an sa, a nemi busasshe mai tauri irin wanda ake kawowa daga Nijar, a yanka shi ƙanana, a kuma rage yawansa. Abin da ya fi dacewa shi ne busasshiyar abarba da busasshen mangwaro wanda ba a jiƙa shi a ruwan sukari ba, da mishmish, wani ɗan itace mai ɗan tsami wanda yawancin na kasuwa daga yankin Malatya na Turkiyya yake fitowa, da kiranberi mai ja da tsami. Game da mishmish, mai launin lemo mai haske an tsare launinsa ne da sinadarin salfa, wanda yakan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Wanda ba a sa masa ba yakan zo da launin ƙasa-ƙasa, ba shi da kyan gani sosai amma ɗanɗanonsa ya fi zurfi. Akwai kuma 'ya'yan itatuwan da ake busarwa ta hanyar daskarewa, irin su sitiroberi, waɗanda suke zuwa da ƙaras-ƙaras da launi mai kaifi. Suna da kyau ƙwarai a kan farin cakulan, sai dai suna zuƙar danshin iska da sauri, don haka ba a buɗe ledarsu sai an zo barbaɗawa.

Abin da na fi so a cikin kayan gida shi ne garin 'ya'yan kuka, farin nan mai tsami da ake damawa a sha. A tankaɗe shi da rariya mai laushi, a zuba kamar babban cokali ɗaya a cikin cakulan ɗin bayan ya narke. Busasshe ne, don haka ba ya ɓata cakulan, launinsa ba ya nunawa, kuma tsaminsa yana shiga kowane gutsure maimakon ya tsaya a inda ɗan itace ya faɗa. Daga ɓangaren ƙwayoyi kuwa, soyayyen riɗi da soyayyen yazawa da gyaɗa mai gishiri duk suna aiki, haka ma fistashiyo ga mai hali, wanda korensa yake haskawa kusa da jan fure. A tabbata sun huce sarai bayan suya. Ɗan gishiri mai manyan ƙwayoyi, abin da bai wuce tsunkule biyu ba a kan faranti guda, yana gyara alawar fiye da yadda ake zato.

Batun furanni shi ne inda nake son a yi taka-tsantsan, domin kuskure a nan ya wuce ɓata alawa. Ba kowane fure mai kyau ake ci ba, kuma wasu daga cikin mafiya kyau a unguwanninmu guba ne. Kariya, mai furen nan ja da fari da ake dasawa a ƙofar gida, da ruwanta aka daɗe ana haɗa dafin kibiya a sassan Afirka. Zaƙami kowa ya san abin da yake yi wa hankali. Tumfafiya da oliyanda, wanda ake yawan shukawa a gefen tituna da harabar ofisoshi, dukansu suna ɗauke da sinadaran da suke taɓa bugun zuciya. Ƙa'idar ita ce kada a sa furen da ba a san sunansa da tabbacin ana cinsa ba. Ko furen da ake ci ma, kamar wardi, idan daga wajen masu sayar da furannin ado na biki ya fito, ba na ci ba ne, domin an noma shi ne don kallo kuma an yi masa feshin magungunan ƙwari da ba a yi lissafin za su shiga ciki ba. A sayi wanda aka rubuta cewa na abinci ne ko na shayi, ko kuma a tsinko daga lambun da aka san ba a yi masa feshi.

Wardi shi ne sarkin furannin wannan aiki, musamman nau'in Dimashƙa mai ƙamshi, wanda ake nomawa a Ɗa'ifa ta Saudiyya, da Isparta ta Turkiyya, da Kashan ta Iran, da Ƙal'at Maguna ta Maroko. Mahajjata da masu Umara sukan same shi busasshe a shagunan kayan ƙamshi na Makka da Madina, a matsayin 'yan ƙananan toho da ake jefawa a shayi. Ba a ɗora tohon gaba ɗaya, domin gindinsa yana da tauri da ɗaci. A murza shi a tsakanin yatsu, ganyayyakin furen su zube, a tsince koren gindin a yar. Ga mai neman shuɗi akwai furen konfulawa da furen waken nan mai shuɗi da ake rina shinkafa da shayi da shi a Tailan da Malesiya. Ga mai neman rawaya akwai kalandula. Labanda, wato wani ƙaramin fure mai ƙamshin turare, tana da ƙarfi ƙwarai, kuma idan ta yi yawa sai alawar ta koma ɗanɗanon sabulu, don haka 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Kalandula da babunaj, furen nan da ake yin shayi da shi, dangi ɗaya ne, kuma masu rashin jituwa da ƙurar furanni sukan ji su a jiki, saboda haka yana da kyau a faɗa wa wanda za a ba abin da ke kai. Gaskiyar magana, ban da wardi da labanda, yawancin waɗannan furanni ba su da wani ɗanɗano na a zo a gani. Ido suke yi wa aiki, kuma idan suka yi yawa sai su riƙa maƙalewa a harshe.

Zoɓo kuwa yana yi wa ido da harshe aiki a lokaci guda, kuma shi muke da shi a wadace, tunda Jigawa da Kano da Katsina suna noma shi har ana fitar da shi zuwa Meziko. Abin da muke jiƙawa ba ganyen furen ba ne, kofin da yake riƙe da furen ne, wanda yake kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi, shi ya sa yake da kauri da tauri idan ya bushe. Ba a ɗora shi yadda aka auno shi a kasuwa. A tsince shi, a ɗauraye shi da sauri a ruwan sanyi don yashi ya fita kafin launin ya zube, a baza shi a faranti a rufe da ƙyalle mai shara-shara, a shanya har sai ya koma yana karyewa da ƙara idan an matsa shi. Idan yana lanƙwashewa, bai bushe ba, a mayar da shi rana. Daga nan a daka shi a busasshen turmi, a tankaɗe. Garin mai laushi a ajiye shi daban don barbaɗawa, tsakin kuma, wanda bai wuce girman ƙwayar gero ba, a watsa shi tare da 'ya'yan itatuwa. Idan aka ɗora ɗan garin a bakin cokali aka ja shi a kan narkakken cakulan, yakan bar zane ja-ja mai ɗigo-ɗigo, domin launin zoɓo a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Wannan ɗigo-ɗigon a wajena ya fi launin abinci na kwalba kyau.

Ɗanyen fure yana da kyau a hoto, amma a rana ɗaya yake yaushi ya yi baƙi, kuma ruwan jikinsa yana ɓata cakulan da ke ƙarƙashinsa. Wanda yake da lambu sai ya tsinko da safe bayan raɓa ta bushe, ya cire tsakiyar furen, ya jera ganyayyakin a tsakanin takardu biyu ya danne da abu mai nauyi, ya bar su a inuwa har su bushe. Rana kai tsaye tana cinye launinsu.

Ga faranti guda mai faɗin kamar santimita 22 da tsawon 30, giram 400 na farin cakulan ya isa, da kayan sama da jimillarsu ba ta wuce giram 100 ba, da furanni cikin babban cokali ɗaya ko biyu. A yanka cakulan ƙanana-ƙanana da busasshiyar wuƙa, a raba shi kashi uku, a ajiye kashi ɗaya gefe. A zuba ruwa kaɗan a tukunya, a ɗora a wuta har ya fara fitar da tururi, sannan a kashe wutar gaba ɗaya. A ɗora kwanon ƙarfe ko na gilashi a bakin tukunyar, wanda zai rufe bakin ruf ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba, a zuba kashi biyun nan a ciki, a riƙa juyawa da cokalin roba mai faɗi. Muciya ko cokalin katako ba su dace ba, domin katako yana riƙe danshi da ƙamshin miyar da aka tuƙa da shi. Zafin da ake nema yana tsakanin digiri 40 da 45. Farin cakulan ya fi baƙi saurin ƙonewa saboda madarar da ke cikinsa, kuma idan ya wuce wannan iyaka da yawa sai ya yi kauri ya fara guda-guda, ba kuma ya dawowa. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin cakulan da zai ceta.

Ruwa, ko da ɗigo biyu ne, yana iya lalata kwano guda. Dalili shi ne narkakken cakulan ƙwayoyin sukari ne da na madara busassu suna yawo a cikin mai. Da zarar ruwa ya shiga, sai sukarin ya jiƙe ya manne da juna, abin da yake malala yanzu ya dunƙule ya ƙi motsi. Saboda haka idan an sauke kwanon, a goge gindinsa da tsumma kafin a kai shi kusa da faranti. Kada a rufe shi da murfi, domin tururi zai taru ya ɗigo. Kada kuma a yi sha'awar ɗiga masa ruwan wardi don ƙarin ƙamshi, ko launin abinci na ruwa. Idan ana son ƙamshi, a sa garin citta ko na kirfa kaɗan, idan launi ake so, a nemi na gari ko na mai. Wanda ya riga ya dunƙule ba a zubar da shi: a zuba masa kirim ɗin madara mai ɗumi a hankali ana juyawa har ya saki, a yi amfani da shi a kan kek, amma ya tashi daga zama ɓawo.

Bayan an sauke, sai a riƙa zuba kashi ɗayan da aka ajiye, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Wannan kashin bai narke ba, yana nan da jeruwar da kamfani ya ba shi, kuma yayin da yake narkewa yana saukar da zafin kwanon yana kuma zama iri da sauran man zai yi koyi da shi. A ci gaba har zafin ya sauko zuwa digiri 28 ko 29. Idan akwai 'yan gutsattsarin da suka ƙi narkewa, a tsame su. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga kaɗan a ƙasan leɓensa na ƙasa: ya kamata ya ji ɗan sanyi-sanyi, idan ya ji ɗumi to da saura. Gwaji mafi tabbas shi ne a tsoma bakin wuƙa a ajiye ta gefe. Idan cikin minti uku zuwa biyar cakulan ɗin ya kama, ya bushe da ɗan sheƙi ba tare da zane-zane ba, an dace. Idan har lokacin yana jiƙe, a ƙara ɗan yankakken cakulan a ci gaba da juyawa. Idan kuma ya yi kauri tun ba a zuba ba, a mayar da kwanon kan tururi na daƙiƙa biyu ko uku kacal, domin da zarar ya haura digiri 31 ko 32 aikin ya fara warwarewa.

A juye shi a tsakiyar takardar gashin kek da aka shimfiɗa a kan tire, a baza shi da bayan cokali har kaurinsa ya zama kamar rabin santimita. Idan ya fi haka kauri, zaƙin zai yi yawa a kowane cizo; idan ya fi haka siriri, ba zai riƙe kayan sama ba. A ɗaga tiren a buga shi a kan tebur sau biyu ko uku don kumfar iska ta fito. Sannan a fara da masu nauyi, wato 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyi, a ɗan danna su da yatsa su zauna, a biyo da tsakin zoɓo, furanni su zo daga baya, gishiri a ƙarshe. Ina fara barbaɗawa daga gefe zuwa tsakiya, domin gefen ne yake fara kamawa, kuma furen da ya faɗa a kan busasshen wuri zai zube ne a lokacin karyawa. A bar wurare fili inda farin zai bayyana. Farantin da aka rufe ruf da kaya ba ya nuna launin kowane ɗaya daga cikinsu.

A ɗaki mai sanyin hunturu, cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda ya daskare, kuma alamar an yi daidai ita ce ya saki takardar da kansa, bayansa ya fito sumul yana ƙyalli. Idan ɗakin da ɗumi, a saka shi a firji na minti 10 zuwa 15, kada a kai shi firiza. Mai son gutsattsari masu kusurwa daidai sai ya tsaga shi da wuƙa tun yana da ɗan laushi. Mai son karyawa da hannu kuma ya jira ya yi tauri sarai, ya kama ta bayan takardar don kada zanen yatsa ya zauna a kai.

Wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga wani hazo-hazo ko zane a saman cakulan. Iri biyu ne, kuma babu mai cutarwa a cikinsu. Idan yana da santsi kuma ya ɓace da an shafa yatsa, man koko ne ya taso saboda ba a daidaita zafin ba ko an ajiye shi a wuri mai ɗumi. Idan kuwa yana da kaushi, sukari ne: danshi ya kwanta a kai, ya narkar da sukarin saman, ya bushe ya bar shi a fili. Na biyun yakan faru ne idan an fito da alawa daga firji kai tsaye zuwa iska mai ɗumi ta yi gumi. Maganinsa shi ne a saka ta a mazubi mai murfi da ba ya shigar da iska, a jera ta da takarda a tsakanin kowane hawa, idan an fito da mazubin kuma a bar shi a rufe har ya daina sanyi kafin a buɗe. Farin cakulan yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi, kuma firjin da yake ɗauke da daddawa da albasa da kifi ba zai raga masa ba. Haske ma yana sa man ya canza ɗanɗano ya kuma kashe launin wardi, don haka gwangwani ya fi kwalba. A haka zai yi mako biyu lafiya. Wanda za a kai wa wani gida a matsayin tsaraba kuwa, a fita da shi da safe ko bayan magariba, a riƙe shi a cikin jaka mai kankara da aka naɗe da tawul, kada a ajiye shi a bayan mota.